Gadar Wa Ce? Ikon Gari a Kan Hanyoyinsa, Daga Samaru Zuwa Sabon Gari

Mutumin da ya hau Keke Napep a bakin kasuwar Samaru da niyyar zuwa Tudun Wada zai ratsa ta hannun hukumomi huɗu ko biyar kafin ya sauka, kuma babu allo ko ɗaya a hanya da zai gaya masa ya fita daga ikon wannan ya shiga na waccan. Titin Sakkwato da ya bi da shi ta gaban Jami'ar Ahmadu Bello na Gwamnatin Tarayya ne. Layin dogon da ya bari a baya, wanda unguwar Hayin Dogo ta samo sunanta daga gare shi, na Hukumar Jiragen Ƙasa ne, har da filin da ke gefensa hagu da dama. A Kwangila zai tarar da gadar sama ta titin Kaduna zuwa Kano, ita ma maganarta a Abuja ake yanke ta. Gaba kaɗan ya faɗa titunan da gwamnatin jiha ta faɗaɗa. Lungunan da ke ɓullowa ta ko'ina, da kwalbatocinsu da lambatunsu, na Ƙaramar Hukumar Sabon Gari ne. Da ya haye kogin Kubanni kuwa, ya shiga ƙasar Ƙaramar Hukumar Zariya.

Da rani wannan lissafi bai dami kowa ba. Sai ruwan Agusta ya sauka, ya zaizaye gindin kwalbati ko ya ci kafaɗar gada, sannan mutanen unguwa su fara neman mai ita. Mai unguwa ya kai kuka wajen kansila, kansila ya ce a ga ciyaman, a sakatariya a ce wannan aikin jiha ne, a jiha a ce hanyar ta tarayya ce. Kafin takarda ta gama zagaye, matasa sun cika buhuna da yashi sun jera, 'yan acaɓa suna lallaɓawa ta gefe, mata suna ɗaga zani suna ratsa ruwa da yara a hannu. Daga nan ne tambayar ke tasowa: shin bai kamata a sami dokar da za ta ba gari ikon karɓe gada, ko mafitar ruwa, ko layin dogon da ke cikinsa, idan mai shi ya kasa kula da shi ba?

Tambayar ta girmi Sabon Gari kanta. A Birtaniya an yi ta fama da ita tun ƙarni na 19, lokacin da gadoji da jiragen fito da taragun cikin gari da yawa suke hannun kamfanoni masu neman riba. A Landan, lebura da ke kwana a wannan haye na kogin Thames yana aiki a wancan sai ya biya kuɗi safe da yamma kafin ya taka wasu gadojin. A 1877 majalisa ta yi dokar da ta ba hukumar ayyukan birnin ikon sayen waɗannan gadoji, ta biya masu su diyya, ta cire shingen karɓar kuɗi. Gadar Waterloo ta zama kyauta a 1878, sauran suka biyo baya zuwa 1880. A 1889 aka buɗe jirgin fito na kyauta a Woolwich, don mutanen gabashin birnin sun ce da harajinsu aka 'yanta gadojin yamma, su kuma ba su da gada. A 1919 aka yi wata doka ta musamman da ta ba ƙananan hukumomi damar sayen mafitar ruwa daga hannun masu ita.

Dokar da ta fi koyar da darasi ita ce ta taragun cikin gari ta 1870. Ta bar kamfani ya shimfiɗa layi a kan titi ya yi kasuwancinsa, amma bayan shekara 21 majalisar gari tana da ikon ta saye shi ko kamfanin yana so ko ba ya so, a kan farashin ƙarafa da dawaki da gine-gine kawai, ban da ribar da yake sa ran ci nan gaba. A takarda abin ya yi kyau. A aikace kuwa, da wa'adin ya matso sai kamfanoni suka daina gyara, suka ƙi zuba kuɗi wajen sauya dawaki da lantarki, tunda sun san gonar za ta koma hannun wani. Garuruwa da dama sun gaji ruɓaɓɓen layi. Glasgow ce ta nuna cewa ana iya cin nasara: majalisar birnin ta karɓi tafiyar da taragunta a ranar 1 ga Yuli, 1894, kamfanin ya ƙi sayar mata da dawakinsa, ta sayo nata dubbai, ta rage kuɗin shiga, ta rage wa ma'aikata awowin aiki, cikin 'yan shekaru ta mayar da layin na lantarki. Abin da ya raba Glasgow da garuruwan da suka sha wuya shi ne tana da harajinta, tana da injiniyoyinta, kuma masu jefa ƙuri'a sun san ƙofar da za su buga idan tarago ya makara.

A New York ta Amurka sai da jirgin fito mai suna Northfield ya nutse a 1901 kafin hukumar birnin ta karɓe jigilar tsibirin Staten daga hannun kamfani a 1905. Tun 1997 kyauta ake shigarsa.

A duk waɗannan wurare mallaka ta taso ne daga kamfani ta koma hannun gari. A Arewacin Nijeriya tafiyar ta bi akasin haka, kuma Zariya shaida ce.

Ba kowa ya san cewa Zariya ta taɓa cin gadon ƙaramin layin tarago ba. A 1901 da 1902 Gwamna Lugga ya shimfiɗa siririn layi daga Zungeru ta Wushishi zuwa Barijuko, don ɗauko kaya daga inda jiragen ruwa ke tsayawa a kogin Kaduna. Da babban layin Baro zuwa Kano ya kammala a 1911, sai aka kwashe kayan wancan ƙaramin layi aka yi amfani da su wajen gina wani siririn layin daga Zariya zuwa filayen kuza na Jos da Bukuru, wanda aka gama a 1914. Faɗinsa ƙafa biyu da rabi ne kacal. Da babban layi ya isa Jos ta Kafancan a 1927, kasuwarsa ta fara mutuwa, a 1957 aka rufe shi. Garuruwan da ya ratsa, irin su Soba da Dutsen Wai da Rahama, ba su da ta cewa a ranar da aka shimfiɗa shi, ba su da ta cewa a ranar da aka tsince ƙarafansa. Layin Gusau da Ƙauran Namoda da ya bi ta Samaru, wanda aka kammala a 1929, shi ma haka: an yi shi ne don gyaɗa da auduga su isa teku, kuma dokar 1955 ta danƙa shi da sauran layukan ƙasar ga hukuma guda ta tarayya.

Sabon Gari kuwa tashar jirgin ce ta haife ta. Ma'aikatan reluwe da akawuna da 'yan kasuwa daga kudu da sauran sassan Arewa suka zauna kusa da tasha da kantunan Turawa, har sunan kamfanin PZ ya zama sunan wuri. A ƙarƙashin dokar garuruwa ta 1917, Legas kaɗai ce ke aji na ɗaya mai majalisar gari. Zariya tana aji na biyu tare da Kano da Kaduna, inda jami'in Bature ke riƙe da ragamar bariki da kewayenta, sai 'yan kwamitin ba da shawara. Wato tun ran gini aka yi zane: birni yana ƙarƙashin Sarki da En'e, yankin tasha yana ƙarƙashin wani tsari dabam, Kubanni tana tsakani.

Duk da haka En'e ta wancan zamani tana da abin da ƙaramar hukumar yau take mafarkinsa. Tana da Baitulmalinta, tana riƙe kasonta na haraji da jangali, tana da sashen ayyuka da ke gina hanyoyi da kwalbatoci da kasuwanni. En'en Kano ta kai ga gina ruwan famfo da wutar lantarki na birnin, aka buɗe a 1931 zamanin Sarki Abdullahi Bayero. Ba a manta cewa hanyoyi da yawa na lokacin da gumin talakawa aka yi su ta aikin tilas ba, kuma talaka ba ya zaɓen wanda ke riƙe da Baitulmali. Wannan na daga cikin abin da 'yan NEPU suka yi ta yaƙi a kansa. Amma an san mai gada. Daga baya sai aka yi ta zare ikon ɗaya bayan ɗaya: lantarki ya koma hukumar ƙasa a 1951, 'yan doka da gidajen yari da kotuna suka bar hannun En'e zamanin Gowon, gyaran 1976 ya kafa ƙananan hukumomi iri ɗaya a duk ƙasar, masu dogaro da kason da ake aiko musu daga sama. A kudu an ɗan ga irin ta Glasgow, domin a 1958 majalisar garin Legas ta sayi kamfanin bas na Zarpas ta mayar da shi na gari. Wannan ma daga baya ya koma hannun jiha.

To me kundin tsarin mulki na 1999 ya bar wa ƙaramar hukuma? A Jadawali na Huɗu an lissafa mata gina da gyaran tituna da fitilun kan hanya da magudanan ruwa, da kula da kasuwanni da tashoshin mota da mayanka, da ba da lasisin kekuna da amalanke da baro da kwalekwale. A can gefe kuma, jerin abubuwan da Gwamnatin Tarayya kaɗai ke yi wa doka ya haɗa da manyan titunan da Majalisar Ƙasa ta ayyana a matsayin na tarayya, da zirga-zirgar jirage a kogin Neja da rassansa da duk ruwan da aka ayyana ya ratsa jihohi. Ke nan ciyaman yana da ikon ba kwalekwale lasisi, ruwan da kwalekwalen zai bi kuma yana iya zama na NIWA, hukumar tarayya mai kula da hanyoyin ruwa, wadda aka kafa a 1997 mai hedikwata a Lokoja. Jihar Legas ta kafa tata hukumar ruwa a 2008, aka yi shekaru ana shari'a, a Janairun 2024 Kotun Ƙoli ta ba Gwamnatin Tarayya gaskiya. Idan Legas da duk ƙarfinta ta sha ƙasa a nan, ina ga ƙaramar hukumar da ke gaɓar kogin Galma?

Wannan ruɗani yana cin rai. A ranar 30 ga Nuwamba, 2021, jirgin ruwa da ya taso daga ƙauyen Badau zuwa Bagwai a Jihar Kano ya kife a ruwan Watari, aƙalla mutum 29 suka rasu, yawancinsu ɗaliban Islamiyya da ke kan hanyar zuwa Mauludi. Allah Ya jiƙansu. A watan Mayun shekarar an yi wani mummunan hatsarin a Warrah ta Jihar Kebbi. Lodin da ya wuce kima, tsohon jirgi, rashin rigar ruwa: duk abubuwa ne da mutum ɗaya mai iko, tsaye a bakin mafita, zai iya hanawa. A da akwai Sarkin Ruwa ko Sarkin Jirgi da ke da wannan magana, kuma yana da wanda zai amsa wa. Yau ikon ya tafi nesa, mai lura bai zo ba.

A ɓangaren jirgin ƙasa an sami sauyi. A watan Maris na 2023 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a gyaran tsarin mulki da ya cire harkar jiragen ƙasa daga hannun tarayya ita kaɗai, ya ba jihohi damar yin nasu. Legas ta fara jigila a layinta na cikin gari a watan Satumban wannan shekarar. Ga Zariya wannan ƙofa ce babba, domin layin da zai haɗa Samaru da Sabon Gari yana nan kwance tun 1929, ya bi ta tsakiyar unguwannin da suka fi cunkoso, yawancin lokaci babu abin da ke bi ta kansa sai masu tafiya a ƙasa da awaki. Dubban ɗalibai da ma'aikata da 'yan kasuwa ke bin titin Sakkwato kullum, kafaɗa da kafaɗa da tireloli masu zuwa Funtuwa da Gusau. Sai dai gyaran bai mallaka wa jiha tsohon layin ba. Yana nan a hannun Hukumar Jiragen Ƙasa, kuma amfani da shi sai da yarjejeniya. Ƙaramar hukuma kam ba a ma ambace ta ba.

Gwajin da ya fi kusa da dokar da ake magana a kai an yi shi a 2021, lokacin da gwamnatin Malam Nasiru El-Rufa'i ta kafa hukumomin birane uku, na Kaduna da Kafancan da Zariya, aka naɗa Hajiya Balaraba Aliyu-Inuwa ta fara jagorantar ta Zariya. Hujjar da aka kawo mai ƙarfi ce. Zariya gari ɗaya ne a rayuwa: wanda ke kwana a Gyallesu yana aiki a Samaru, yana cefane a Sabon Gari, ruwan da ya sauka a Hanwa kuma ba ya tambayar iyakar ƙaramar hukuma kafin ya gangara. Raba shara da magudana da tituna tsakanin sakatariya biyu ɓata ƙarfi ne. Inda gizo ke saƙa shi ne shugaban hukumar gwamna ke naɗa shi, gwamna yake yi wa bayani, ayyukan da ya karɓa kuma na zaɓaɓɓun ciyamomi ne. An kira ta hukumar birni, amma ikon sama ya ƙara haurawa. Sai ga hukuncin Kotun Ƙoli na ranar 11 ga Yuli, 2024, wanda ya ce a riƙa biyan ƙananan hukumomi 774 kuɗinsu kai tsaye, kuma gwamna ba shi da ikon maye gurbin zaɓaɓɓu da naɗaɗɗu. A cikin wannan shekarar gwamnatin Uba Sani ta rushe hukumomin uku. Matsalar da aka kafa su don ta kuwa tana nan yadda take.

Masu adawa da ba ƙananan hukumomi irin wannan iko suna da abin faɗa, kuma bai kamata a yi musu kunnen ƙashi ba. Kashi 20.60 cikin ɗari na asusun tarayya ne ake raba wa ƙananan hukumomin ƙasar duka, jihohi 26.72, tarayya 52.68, kuma albashin malaman firamare da ma'aikatan lafiya na cinye mafi yawan abin da ya iso. A Jihar Kaduna dokar haraji ta 2016 ta tattara karɓar kuɗin shiga a hannun hukumar jiha guda. Hukumar da ba ta iya kwashe sharar kasuwa ba, in ji su, ta yaya za ta riƙe gada? Akwai kuma tsoron da duk direba ya sani: a ba ƙaramar hukuma gada yau, gobe a ga igiya da gungume da matasa masu rasit. Obasanjo ya rushe shingayen karɓar kuɗi a titunan tarayya daga farkon 2004, amma shingayen da ba na doka ba ba su taɓa ƙarewa ba.

Wannan hujja ta isa ta hana a miƙa wa Sabon Gari gadar Kwangila. Ba ta isa ta hana a miƙa mata kwalbatin Bomo ko na Muciya da kuɗin gyaransa ba. Manyan gadoji na buƙatar kuɗi da ƙwarewar da tarayya da jiha ne ke da su, kuma dokar jiha ba ta da hurumin ƙwace kadarar tarayya. Amma yawancin wahalar mutanen Samaru da Palladan da Dogarawa da Cikaji ba a kan manyan gadoji take ba. Tana kan ƙananan mahaya da ke kan rafuka da kwazazzabai, da gadojin ƙafa da jama'a suka yi da aikin gayya, da magudanan da ke gefen titin tarayya waɗanda FERMA, hukumar gyaran titunan tarayya, ba ta zuwa yashewa, ƙaramar hukuma kuma tana cewa ba nata ba ne. Waɗannan su ne marayun.

Majalisar Dokokin Jihar Kaduna tana da ikon da ake buƙata, domin sashe na 7 na kundin tsarin mulki ya ɗora mata tsara ayyukan ƙananan hukumomi, Jadawali na Huɗu kuma ya bar mata ƙara musu wuraren amfanin jama'a da za su kula da su. Abu na farko da doka za ta yi mai arha ne ƙwarai: a ƙidaya kowace gada da kwalbati da mafitar ruwa, a rubuta sunan hukumar da ke da ita a jikinta da fenti, yadda mai unguwa zai san ofishin da zai nufa. Sannan a ba ƙaramar hukuma ikon ba da sanarwa ga duk wanda ya yi watsi da ƙaramar gada, ko hukumar jiha ce ko kamfani ko mai rukunin gidaje, idan wa'adi ya cika bai gyara ba ta karɓa ta gyara. Darasin dokar 1870 shi ne kada wa'adin ya yi tsawon da mai abu zai tatse shi ya bar kango, kuma kada kadara ta sauko ba tare da kasonta na kasafi ba. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski: wanda ke karɓar kuɗin tasha da na kasuwa, shi ya kamata a tambaya hanyar da ke shiga tashar da kasuwar. A kuma rubuta ƙarara cewa babu karɓar kuɗin haye gada.

Mahayan Kubanni da ke tsakanin Zariya da Sabon Gari suna buƙatar kwamitin haɗin gwiwa na zaɓaɓɓun kansilolin ɓangarorin biyu, mai asusu ɗaya da ake karanta wa jama'a. Wannan shi ne alherin hukumar 2021 ba tare da aibinta ba. Maganar rashin ƙwararru kuwa ba ta da wurin zama a garin da ke da tsangayar injiniya ta Jami'ar Ahmadu Bello, da Kwalejin Nuhu Bamalli, da Cibiyar Fasahar Sufuri ta Ƙasa da ke kan hanyar Basawa tun 1986. Abin takaici ne a ce daga ko'ina a Nijeriya ana zuwa Zariya koyon tsara sufuri, alhali kwalbatin da ke bayan makarantar ba a san mai shi ba. Kwamitin nan ne kuma zai iya zama da gwamnatin jiha da Hukumar Jiragen Ƙasa a kan batun jirgin safe da yamma tsakanin Samaru da tashar Sabon Gari, ko da tarago biyu ne a fara da su.

Ba a fafe gora ranar tafiya, aikin gada kuma da rani ake yin sa. 'Yan majalisar da ke wakiltar Sabon Gari da Basawa da birnin Zariya a Kaduna su ne ya kamata su gabatar da wannan ƙuduri, ciyamomin biyu su mara musu baya, ƙungiyoyin unguwanni da na direbobi da 'yan kasuwa su bi sawunsa har zauren majalisa. A fara da ƙidayar gadojin da rubuta sunan masu su kafin ruwan farko ya sauka.